Teburin da Maite Ke Tsallakewa

Ranar Talata ce, gasar kartar poka ta tsakar rana, wadda ake shiga da dala sittin. Orrin Pruitt yana kujera ta shida. Cip ɗin gabansa, 'yan ƙwayoyin da ake zubawa a madadin kuɗi, sun kusa ƙarewa, abin da ya rage bai wuce ya biya zubin dole sau takwas ba. Aka canja mai raba kati. Sabuwa ce, gashinta baƙi a ɗaure, sunan da ke maƙale a rigarta Maite.

Ta wurgo masa kati biyu. Ya ɗaga gefensu kaɗan. Sarki da sarki.

Bai ƙara komai ba. Ya biya daidai abin da aka zuba, ya lafe kamar ba shi da komai, wai don ya jawo su. Mutum huɗu suka shigo da araha. Aka buɗe katunan tsakiya: bakwai, biyar, biyu. Brock, wani dillalin motoci mai dariya da ƙarfi, ya zuba. Orrin ya tura duk abin da ya rage masa. Brock ya buɗe bakwai da biyar. Da na tsakiya ya haɗa tagwaye biyu ke nan, sarakunan sun mutu.

"Na gode da ka bar ni na shigo, ɗan'uwa," in ji Brock. "Da ka ɗan yi tari da tuni na jefar da wannan tarkacen."

Maite ta tura tulin gaban Brock. Ta dai dubi Orrin sau ɗaya.

Wajen ƙarfe uku ya same ta a wurin ajiye motoci, zaune a kan dakali tana cin burodi da cuku.

"A tebur an hana ni magana," ta ce. "Nan ba tebur ba ne. Me ya kai ka lafewa?"

"Tarko na ɗana."

"Da kuɗin zubi takwas kacal? Tarko na mai tuli ne, shi ke da lokacin jira. Kai da kake gab da fita, in ka samu sarki biyu ka tura duka. Wanda zai biyo ya biyo da tsada."

"In na tura kowa gudu zai yi."

"To sai ka kwashe abin da ke tsakiya ka rayu. Yanzu ina kake?"

Ya dubi motoci. "Nan."

Ta yi dariya, ta gutsura masa rabin burodin.

Orrin ba shi da kowa a nan birnin Reno. Yana tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito a Sparks, daga asuba zuwa sha ɗaya. Ɗakinsa na haya ne na mako-mako a Titi na Huɗu, gado ɗaya, kujera ɗaya, tagar tana kallon bangon wani shagon taya. Teburin poka ne kaɗai wurin da mutane takwas ke zama kusa da shi ba wanda ya tambaye shi me ya sa ba ya magana.

Dakalin ya zama nasu. Ta sa masa suna Dutse, saboda fuskarsa. Da ya ji babanta makiyayin tumaki ne a Gardnerville, sai ya riƙa ce mata 'Yar Tumaki. Saƙonni suka fara.

"Dutse, yau ka yi murmushi sau ɗaya a tebur na uku. Na gani. Kada ka musa."

"Atishawa ce."

"Ka ci abinci?"

"Na ci."

"Me ka ci?"

"Kofi."

"Gobe zan kawo maka wake. Kada ka sa in yi jinyar dutse."

Yakan karanta saƙon sau biyar a kan gadonsa. Ya rubuta mata doguwar amsa, ya goge, ya tura "To." Ya san abin da ke ransa tun watan farko. Gani yake in ya fito da shi a fili za ta gudu. Gara ya lafe, ta matso da kanta.

Wata biyar suka yi a haka. Cikin watan Afrilu ta ce ya zo cin abincin Lahadi a gidan babanta.

Baban nata, Ander Etchart, gajere ne, mai kauri, hannuwansa duk tabo. Matarsa ta rasu shekara shida. Shi ya dafa naman rago da wake, ya yanka burodi a ƙirjinsa da wuƙar aljihu. Sai da Orrin ya cika baki sannan ya yi tambayar.

"An ce kai ɗan karta ne."

"Ina aiki a sito, ranka ya daɗe. Karta sau uku a mako."

"Aita, bar shi ya haɗiye mana," in ji Maite. Haka take kiran babanta.

"Zai haɗiye. Yaro, me kake nema wurin 'yata?"

Maite ta ajiye cokali. Orrin ya ji zuciyarsa tana dukan haƙarƙarinsa. Fuskarsa kuwa ba ta motsa ba, ta saba.

"Abokai ne mu," ya ce.

Tsohon ya daɗe yana kallonsa. "To, abokinta, ƙara wake."

A bakin mota, Orrin ya jiyo shi ta taga yana cewa, "Mutumin da sana'arsa ɓoye fuska ce, ta ina zan san ranar da yake ƙaunarki da ranar da ya daina? Ban yarda ba." Bai ji amsarta ba. Mil hamsin suka yi zuwa Reno, rediyo ne kaɗai ke magana.

Daga Talatar da ta biyo baya abu ya canja. A ɗakin poka, duk rabin sa'a masu raba kati suna matsawa tebur na gaba, bi da bi. Maite ta gama tebur na biyu. Orrin yana na uku. Ta wuce ta bayansa, ta zauna a na huɗu. Wani dattijo aka turo musu.

Alhamis ma haka. Asabar ma haka. Duk teburin da yake, ta tsallake shi.

Ta aiko saƙo sau ɗaya: "Dutse, ba ka da abin da za ka tambaye ni?"

Ya rubuta, "Babu." Ya daina zuwa dakalin. Yakan zauna cikin motarsa a hawa na uku na benen ajiye motoci, ya ci abin da ya saya, yana hango dakalin daga sama. Kwana biyu ta zo ta zauna. Rana ta uku ba ta zo ba.

Brock kuwa kullum tana raba masa kati. Wata rana suka haɗu a tebur ɗaya.

"Ka ji labari, Dutse? Ko ni ma ba zan kira ka haka ba?" Ya yi dariya. "Yarinyar za ta Las Vegas aikin manyan gasannin bazara, mako bakwai. Na ce mata ga mota, ga gida da ɗaki a banza. Tana tunani. Ni ba na iya jira, in na ga abu mai kyau farashi nake faɗa."

Orrin ya jefar da katinsa bai ko duba ba.

Mako uku ya yi a haka. Sito, tebur, ɗaki. Bangon shagon taya.

Ranar wata Alhamis, ana hutun minti goma, Delphine ta tare shi a wajen injin kofi. Ita ce shugabar ɗakin, shekararta talatin a sana'ar, muryarta kamar ta mai mura.

"Ɗana, in tambaye ka. Takardar nan in yaga ta ko in bar ta?"

"Wace takarda?"

Ta sauke tabarau. "Kai dai an yi sakarai. Shekara nawa kana zama a ɗakin nan? Mai raba kati ba ta raba wa saurayinta. Doka ce. In akwai soyayya, sai ta zo ofis ta rubuta sunansa, mu kuma mu riƙa tsallake da ita teburinsa, don kada wani ya ce an yi masa coge."

Orrin ya ajiye kofin hannunsa.

"Ta rubuta sunanka ranar Juma'a, kwana biyu kafin ta kai ka gidan ubanta. Na ce mata, ya faɗa miki? Ta ce bai faɗa ba, amma zai faɗa ranar Lahadi. Mako uku tana asarar tukuicin tebur guda saboda kai. Jiya ta ce in yaga, wai ta yi kuskure. Na ce sai gobe, ba na yaga takarda ranar Laraba."

"Tana ina?"

"Ta ɗauki hutu. Ana yi wa tumakin ubanta aski. Asabar za ta wuce Vegas."

Aka buga ƙararrawar komawa. Orrin yana da tuli mai kyau ranar, saura mutum goma sha ɗaya, bakwai ne za su samu kuɗi. Ya bi ta gaban teburin bai tsaya ba.

"Cip ɗinka fa?" in ji Brock. "Zubin dole zai cinye su."

"Ya ci."

Ya isa Gardnerville rana tana kan duwatsu. A rumfar aski ya same su, ƙarar inji, kukan tumaki, warin ulu. Maite tana cusa ulu cikin buhu, gashinta duk ƙura. Ander yana riƙe da wata tunkiya tsakanin gwiwoyinsa. Ya kashe injin.

"Ga abokinki."

Orrin ya tsaya a bakin rumfar. Bai san inda zai sa hannuwansa ba.

"Ƙarya na yi ranar nan, ranka ya daɗe. Ba abokinta ba ne. Ina son ta tun watan Nuwamba. Aurenta nake so. Ɗaki ɗaya gare ni da tsohuwar mota da aikin sito. Ba ni da wani abu bayan wannan. Tsoro ne ya hana ni faɗa."

Muryarsa ta karye a ƙarshe. Fuskarsa ta yi ja har kunne.

Maite ta saki buhun. "Mako uku, Orrin. Na zauna a dakalin nan ni kaɗai kamar mai jiran bas."

"Na gan ki. Ina sama."

"Kana sama." Ta share ido da bayan hannu, ulu ya manne mata a kumatu. "Wallahi da in shaƙe ka."

"Brock fa?"

"Brock? Tikitin bas ɗina yana cikin jaka tun makon jiya. Da ka tambaya da ka sani."

Ander ya saki tunkiyar, ta fita a guje. Ya matso ya leƙa fuskar Orrin kamar mai duba haƙoran rago.

"Da wannan fuskar kake cin mutane a karta?"

"Yau ta ƙi."

"Hm. Ban ce na yarda ba. Ita za ta tafi aikinta mako bakwai. Kai kuma duk Asabar da Lahadi ina son ganinka nan ƙarfe biyar na asuba. Mutum ba ya iya ɓoye wa tumaki halinsa. Kama ƙafar waccan."

Orrin ne ya kai ta tashar bas ranar Asabar. Mako bakwai ɗin sun yi tsawo. Ɗakin Titi na Huɗu bai canja ba, sai dai yanzu ba ya goge abin da ya rubuta.

"'Yar Tumaki, yau rago ya tunkure ni a gwiwa. Aita ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Ina kewarki. Ɗakin nan ya yi shiru da yawa."

"Aita kake ce masa yanzu? Shi ya ba ka izini?"

"Bai hana ba."

"Dutsena. Saura kwana goma sha tara. Ka ci abinci na gaske, ba kofi ba."

A mako na shida, suna gyaran shinge, tsohon ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Satumba ya fi. An gama yankan ciyawa, mutane suna da sarari."

Aka ɗaura auren a ƙaramin cocin garin, aka ci rago uku a bayan gida. Delphine ta zo da hula mai faɗi. Brock ya aiko da injin gasa burodi. Da aka zo jawabi, Ander ya miƙe da kofin giya a hannu, ya ce shi ba mai magana ba ne, surukinsa ma haka, don haka Allah ya taimaki Maite. Sannan ya dafa kawunansu su biyu.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Abin da ke ranku ku faɗa wa juna tun da sauran rana. Allah ya sa ku tsufa a gida ɗaya."

Orrin yana zuwa gasar tsakar rana har yanzu, sau ɗaya a mako. Bai sake karɓar kati daga hannun Maite ba, kuma ba zai sake ba muddin tana aiki a ɗakin. In rabin sa'a ya cika, takan taso daga tebur na biyu, ta bi ta bayan kujerarsa, ta wuce na huɗu. Wani sabon ɗan wasa ya taɓa tambayarsa me ya sa waccan ba ta zama a teburinsu.

"Matata ce," in ji Orrin, da ƙarfin da har tebur na huɗu aka ji.