Kashi Talatin Cikin Ɗari

Gardama ce ta haɗa su. Ya zo gyaran eriya a ofishin hasashen yanayi inda take aiki, ya leƙa kwamfutarta ya yi dariya.

"Kashi talatin cikin ɗari? Ai ba ruwa ke nan, ƙanwata."

Ta harare shi. "Wa ya gaya maka? In aka yi kwana goma masu irin wannan yanayi, a uku za a sha ruwa. Ka san ko yau tana cikin ukun?"

Bai sani ba. Amma fa bai bar ofishin ba sai da lambarta.

Ya sa mata suna 'Yar Hasashe, ita kuma tana ce masa Na Sama, don sana'arsa hawa ƙarfen sabis ɗin waya ce. Kullum sai ta nanata masa: "In kunnenka ya ji tsawa, ko rana ake ƙwallawa, aradu na iya samun ka. Ka sauko."

Da zancen aure ya taso kuwa, babanta ya ce atafau. Aradu ce ta kashe ƙaninsa a kan rufin kwano. "Na ɗauko gawa sau ɗaya, ya ishe ni. Ba zan ba 'yata mai kwana tsakanin sama da ƙasa ba."

Wata safiya ta tura masa saƙo: "Na Samana, yau akwai tsawa nan da can. Ba ko'ina ba ne, amma ba a san inda za ta sauka ba. Yanzu matakin a zauna cikin shiri ne. In na ce gargaɗi, to hadarin ya riga ya taso."

"Sama fa wasai take, zuciyata. Amma na ji."

Da azahar allon kwamfutarta ya yi ja daidai unguwar da yake aiki. Ta tura: "Gargaɗi! Don Allah ka sauko!" Saƙon bai shiga ba. Ta kira, shiru. Ta kira babanta, kuka ya hana ta magana.

Baba bai tambayi komai ba, ya zo da mota ya ɗauke ta, suka nufi inda Na Sama yake aiki. Gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa na dukan gilashi, tsoro ya cika motar.

Suka tarar da akwatin wutar da ke gindin ƙarfen yana hayaƙi. Igiyar da yake ɗaure jikinsa da ita na lilo a sama, hular kwanonsa a ƙasa. Ta ƙwalla ƙara. Baba ya dafe sitiyari.

Sai ga ƙarar hon. Na Sama ne a cikin motar aiki, gilasai a rufe, lafiyarsa ƙalau. Da ruwan ya tsagaita ya ƙaraso, ya durƙusa wa Baba.

"Saƙonki bai zo ba," ya ce mata. "Tsawar farko na ji can nesa, na bar komai na sauko."

Baba ya daɗe yana kallonsa, idonsa jajir. "Ƙanina ma ya ji ta. Ya ce bari ya ƙarasa buga ƙusa ɗaya." Ya share fuska. "Ka turo manyanka, ɗana."

Ranar aure hasashe ya ce kashi talatin. Abokai suka ce a bar kujeru a waje, ango ya ce ko kusa, a kwashe su ciki. Ana gama shigar da ta ƙarshe ruwa ya ɓarke.

Baba ya kama hannuwansu. "Allah Ya yi muku albarka. Ka ci gaba da saukowa, ka ji?"