Kujerun Aro a Ɗakin Inna

Tun daga bakin ƙofa gaban Barakatu ya yanke ya faɗi. Ɗakin Innarta da ta sani da tabarma guda da randa, yau ga shi maƙil da kujerun kushin, an shimfiɗa jan kafet, har da firji a kusurwa. Firji fa, a gidan da ko wayar lantarki ba a taɓa ja ba.

"Inna, wanga kaya daga ina?"

"Hajiya Tani ta aiko da su," in ji Inna tana goge hannun kujera da gefen zanenta. "Ta ji baƙuwa za ta taho daga Gusau, ta ce ba za a iske mu zaune ƙasa ba."

Barakatu ta dafe kai. Baƙuwar nan daga wata gidauniya take, mai ɗaukar nauyin karatun 'ya'yan talakawa, kuma ba sa taimakon kowa sai sun zo sun ga halin gidansu da idonsu. Tun da 'yan bindiga suka raba su da gonarsu ta Gurbin Bore suka dawo Zurmi, Babanta ya rasu, da kuɗin ƙuliƙulin da Inna ke sayarwa ake lallaɓa karatunta a makarantar Poli ta Kaura Namoda. Bana ƙulin ya gaza. In tallafin nan ya kuɓuce, karatu ya ƙare ke nan.

"Inna, don Allah a fitar da su. Talaucin nan shi suka zo gani."

"Ke ɗiyar nan, kanki ɗaya? Baƙo ya zo ka buɗe mishi cikinka? Kuma in mayar wa surukarki alheri, da wane idon?"

Hajiya Tani ita ce mahaifiyar Armiya'u, saurayin da aka yi musu baiko da Barakatu bara. Ba muguwa ba ce, Allah ya sani, amma ta fi tsoron bakin mutane fiye da zazzaɓi. Kafin Barakatu ta sake magana sai ga ta ta shigo tana ƙamshin turare, ta haye kujera kamar a ɗakinta. To, ai kujerar tata ce.

Ba a jima ba baƙuwar ta yi sallama, wata Malama Sadiya, Armiya'u ne ma ya nuno mata gidan ya tsaya a zaure. Aka ajiye mata kaza da lemon kwalba. Ta dubi kafet, ta dubi firji, ta dubi kazar, fuskarta ta canja.

"Barakatu, ke kika ce mana ba ku da hali?"

Barakatu ta buɗe baki, idonta ya haɗu da na Hajiya Tani, maganar ta maƙale. Ta ƙaryata uwar miji a gaban baƙuwa?

"Alhamdulillahi, asirinmu rufe yake," Hajiya Tani ta amsa mata. "Mu ba mabarata ba ne."

Malama Sadiya ta ɗauki jakarta ta miƙe. "To madalla. Akwai waɗanda ko abin kai wa baka ba su da shi, su suka fi cancanta."

Kuka ya ƙwace wa Barakatu. Shi ne ya shigo da Armiya'u, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban mahaifiyarsa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Malama, kayan nan na ɗakin Hajiyata ne. Ni na ɗauko su a amalanke da safe, ban san abin da za su jawo ba."

"Armiya'u," Hajiya Tani ta ce a hankali, kuma wannan sanyin muryar ya fi tsawa ban tsoro, "ni za ka tsinka gaban baƙuwa? In anka ɗaga kujera guda daga nan, ba da yawuna za a yi aurenga ba."

Barakatu ta dubi Armiya'u, ta ga hawaye na ɗiga a kan gwiwarsa, bai ɗago ba, bai kuma janye maganarsa ba. Ta tabbata yau ta yi biyu babu.

Sai Inna ta tashi. Matar da ba ta taɓa musu da kowa ba ta sunkuya ta kama bakin kafet ta naɗe shi, ƙasa mai rami-rami ta bayyana, ga shatin ruwan da ke zuba daga rufi duk damina.

"Hajiya, kin yi don rufin asiri, Allah shi saka miki. Amma ni na ga wahalar ɗiyar nan. Malama, ga gidanmu."

Malama Sadiya ta ajiye jakarta, ta zauna a ƙasa.

Tallafi ya fito, Barakatu ta koma aji. Hajiya Tani kuwa ta yi fushi mai tsawo. Duk hutu Barakatu sai ta je ta durƙusa ta gaishe ta, a amsa mata da ƙyar, ta fito tana share hawaye, ba ta fasa ba. Armiya'u ma bai taɓa ɗaga wa uwarsa murya ba.

Ranar da Barakatu ta kammala, Hajiya Tani da kanta ta tako gidan, ta zauna kan tabarmar Inna.

"Na kusa kashe miki karatu don gudun abin da za a ce," ta faɗa idonta ya ciko. "Ki yafe mini, ɗiyata. A sa rana."

Dama kayan aro ba ya rufe katara. Talauci ba abin kunya ba ne, kuma wanda ya ɓoye ciwonsa ga mai magani, shi ya hana kansa warkewa.