Ba A Aure Biyu A Shekara Ɗaya

A motar Manong Boyet, wato Yaya Boyet, suka fara haɗuwa, ranar da ya ɗauki ƙanwarsa Analyn zuwa Winnipeg don ta rubuta jarrabawar Turanci. Mu 'yan Filifin na garin Morden, in ɗayanmu zai shiga birni, motarsa ta zama ta kowa. Shi ya sa da suka tsaya a bakin masana'antar tireloli wani dogon saurayi ya shigo baya, Analyn ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tana ta haddar jimloli kamar mai addu'a.

"Wannan Arnel ne, tare muke walda," in ji Boyet. "Shi ma jarrabawar za shi."

Arnel ya miƙo mata ledar busasshen mangwaro, yana kiranta Inday, yadda muke kiran budurwa. "Ci, Inday. Da yunwa Turanci ba ya fita."

"Wa ya gaya maka?"

"Ni na gwada. Sau biyu ina faɗuwa, kuma duk ban karya ba."

Ta yi dariya har jimlolin suka zube daga kanta. Da ta waiwaya ta dube shi sosai, sai ta ji kunya ta kama ta ba gaira ba dalili.

Duk wanda ya zo Manitoba, lardin da muke zaune a Kanada, da izinin aiki, burinsa ɗaya ne: lardi ya zaɓe shi, ya miƙa sunansa ga gwamnatin tarayya a ba shi zaman dindindin. Maki ake tarawa. Analyn tana aiki a gidan kula da tsofaffi, ga yayanta a gari, ga Turancinta ya fito da kyau, don haka makinta ya hau. Arnel kuwa a lardin Saskatchewan ya fara aiki kafin ya dawo nan, kuma Manitoba tana rage wa irinsu maki, wai kada a zaɓe su su gudu. Ya ci jarrabawar a karo na uku, amma duk lokacin da aka fitar da sunaye sai a tsallake shi.

Wannan bai hana shi komai ba. Kullum in ta tashi aiki tana samun saƙonsa.

"Pangga, na share miki ƙanƙarar gilashin mota. Kada ki ce wani ne, ni ne. Ki lura da hanya."

Ita kuma ta mayar: "Na gode, Malam Walda. Akwai naman adobo a wurin Manong, naka ne. In ya cinye ka kai ƙararsa."

Pangga ɗin nan, wato abar ƙauna, tun tana hana shi faɗa har ta koma in bai faɗa ba sai ta yi fushi. Ranar da lardi ya zaɓe ta, Arnel ya fi ta murna. A wurin ajiye motocin coci ya tambaye ta ko za ta aure shi, ta ce za ta yi kafin ma ya gama tambayar.

Sai Nanay Celing, wato Inna Celing, mahaifiyarsu, ta iso daga Iloilo, can Filifin, da bizar ziyara. Mace ce gajera mai kaifin ido, har yanzu ba ta saba da rashin mijinta ba, wanda ya rasu a Janairun bara. Ta bari sai da shekara ta zagayo kafin ta yarda aka yi bikin Boyet a coci a Fabrairun bana. Amaryar, Rowena, tana can gida da ciki tana jiran takardunta.

Arnel ya zo gaisuwa da kwandon kayan marmari, ya kama hannunta ya kai goshinsa, yadda muke gaida manya. Sai dai wani ya riga shi. Rodel, mai aiki a kantin magani, wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa kuma ba ya gajiya da faɗa wa mutane, ya daɗe yana zagayen Analyn. Shi ya ɗauko Nanay daga filin jirgi, kuma tafiyar Winnipeg zuwa Morden ta ishi mai gulma.

"Kai ne wanda izininsa zai ƙare a Nuwamba?" Nanay ta tambaya, tun bai zauna ba.

Analyn ta saki cokalin da ke hannunta. "Wace Nuwamba?"

Arnel ya sunkuyar da kai. "Gaskiya ne, Tita," ya ce, wato gwaggo.

"To ka ga," in ji Nanay. "Yarinya ta samu zaɓin lardi, washegari ka fito da zobe. In ta aure ka ta saka ka a takardunta, shi ke nan ka haye. Ɗana, ni ma na taɓa yin ƙuruciya, amma ban taɓa zama wawuya ba."

Analyn ta daskare a inda take. Abin da ya fi yi mata ciwo ba maganar uwarta ba ce, a bakin Rodel ta ji abin da ya kamata ta ji daga Arnel. Da ya fita ta tura masa saƙo, tana kuka.

"Ni kake so ko Manitoba? Ka gaya min gaskiya, zan iya ɗauka."

Amsarsa ta zo nan take: "Ke. Na ɓoye ne don kada ki taɓa yi min wannan tambayar, ga shi kin yi. Ba zan dame ki ba, Pangga."

Kwanaki ta yi ba ta ɗaga wayarsa. Boyet ne ya gaji da ganin fuskarta a kumbure, ya same ta a kicin ita da Nanay suna naɗa lumpia, irin samosarmu.

"Ku biyun nan kun ba ni kunya," ya ce. "Kun san tsohon maigidansa na Saskatchewan ya kira shi tun bazara? Aiki na dindindin, da alkawarin tsaya masa har lardin can ya zaɓe shi. A gabana aka yi wayar."

"Me ya ce?" Analyn ta tambaya.

"Ya ce ba zai iya ba. Wanda lardi ya zaɓa, a lardin zai zauna. Ke Manitoba ta riƙe ki, shi Saskatchewan za ta riƙe shi. Na ce masa mahaukaci ne, ya ce ya sani."

Analyn ta zauna daɓas a kan kujera. Mutumin da ake zargi da farautar takarda, ashe takardar ce ta bi shi har gida ya rufe mata ƙofa. Nanay ma ta daɗe tana kallon lumpiar da ta fashe a hannunta.

Ita da kanta ta sa aka kira shi. Ta zuba masa abinci har ya yi tsororo, wanda a wurinta shi ne neman gafara.

"Na yarda da kai, Toto," ta ce, da sunan da muke kiran ɗan gida. "Za ku yi aure. Amma sai baɗi."

"Nanay, Nuwamba fa," in ji Analyn.

"Sukob ne. Yayanki ya yi aure bana. 'Yan ciki ɗaya ba sa aure a shekara ɗaya, sa'ar rabuwa take yi, ɗayan gidan ya mutu ko wani ya kwanta. Na binne ubanku, ba zan binne ɗayanku saboda hatimin gwamnati ba."

Babu wanda bai san sukob ba a cikinmu. Masu digiri ma suna dariyarsa ne da rana kawai. Analyn ta roƙa, ta yi bayani: in an ɗaura kafin izinin ya ƙare, za ta saka shi a takardunta ya nemi sabon izini a matsayin mijinta. In kuwa ya koma gida, Allah kaɗai ya san yaushe zai dawo, ita kuma ba ta isa ta bar aikin da aka zaɓe ta dominsa ba. Nanay ta saurara tsaf, ta ce a'a.

Analyn ta ce su je wurin alƙali a ɓoye. Arnel ya girgiza kai. "Ba zan shiga gidanku ta taga ba, Pangga. In na sa uwarki kuka ranar aurenmu, da wane ido zan kalle ta?" Ya fara sayar da kayansa, har akwatin kayan waldarsa ya ba wani.

Ranar Lahadi bayan coci aka yi masa liyafar ban kwana a gidan Boyet. Ga taliyar pancit, ga na'urar waƙa, amma ba wanda ya taɓa makirufo, kuma a wurinmu wannan ya fi zaman makoki muni. Rodel kaɗai ke cin abinci da daɗin rai.

Boyet ya miƙe, ya ce zai yi magana. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

"Nanay, babu sukob tsakanina da Analyn. Ni ba bana na yi aure ba."

"Kai, zauna. Ina wurin, ni na riƙe maka kyandir."

"Wannan na coci ne. Da na je gida Kirsimetin bara, ni da Rowena mun je wurin alƙali aka ɗaura. Takarduna sun kusa fitowa, kuma an ce min gara ta shiga ciki a matsayin matata tun ba a rufe ba. Na ji tsoron jira."

Analyn ta buɗe baki ta kasa rufewa. Rodel ya tsaya da cokali a iska.

"Disambar bara," Nanay ta maimaita a hankali. "Ubanka bai shekara a kabari ba."

"Na sani, Nanay. Shi ya sa na ɓoye."

Auren da aka yi kafin mamaci ya shekara shi ma sukob ne, kuma ya fi na 'yan'uwa nauyi. Nanay ta dafa bango. Kowa ya zaci faɗuwa za ta yi, sai ga ta ta sunkuya ta ciro silifas ɗinta. Ƙaton mai walda, uban gida, ya dinga zagaye teburin abinci tsohuwa na bin sa tana sauke masa a kafaɗa.

"Watanni ina kunna kyandir ina godiya na raba ku da sharri, ashe kai ka riga ka shige ciki da ƙafarka biyu."

"Ga ni lafiya, Nanay. Rowena lafiya, cikin ma lafiya."

Ta tsaya tana haki. Ta dubi ɗanta daga sama har ƙasa kamar mai neman inda sukob ɗin ya cije shi, ba ta ga komai ba sai tumbi. Hawaye suka zubo mata, ta goge da bayan hannu, ta juya wurin Arnel.

"Kai, Toto. Akwatin waldar nan da ka bayar, je ka karɓo abinka."

Arnel ya kasa motsi. "Tita..."

"Nanay za ka ce. Kai kaɗai ne a gidan nan da na ce a'a ka ji."

An ɗaura auren a ƙarshen Oktoba, a ƙaramin cocinmu, ranar da ƙanƙarar farko ta sauka. Rowena ta kalla ta waya tana kuka, Boyet ne ya riƙe wayar, kafaɗarsa na ciwo har lokacin. Rodel bai zo ba, amma ya aiko da tukunyar dafa shinkafa, kuma mai kyau ce, a ba shi haƙƙinsa.

Da suka durƙusa gaban Nanay suka kai hannunta goshinsu, ta dafa kawunansu duka biyun. "Allah ya zaunar da ku wuri ɗaya, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana. Ba irin nawa ba."

A bakin coci Arnel ya zaro leda daga aljihun kwat ɗinsa ya miƙa wa amaryarsa. Busasshen mangwaro ne.

"Ci, Pangga. Gobe akwai cike takardu, kuma da yunwa ba sa ciko."