Taku Arba'in

Aibina ɗaya, ina son gardamar doka. A nan Norway kowa na iya kafa tanti a daji, muddin ya nisanci gidan mutane da mita ɗari da hamsin. Na kafa nawa a bakin tafki.

Cikin dare wani tsoho ya leƙo, gemunsa na ɗigar ruwa, alhali ba a yi ruwan sama ba. Ya kira ni da sunan mahaifina.

"Ɗan Eilif, ka matse mini gida."

"Baba, wane gida? Ko bukka babu a nan."

"Taku arba'in ne. Biyo ni mu ƙirga, lauya."

Ina laluben takalmi ya yi gaba. Na ji ƙirgarsa sarai har arba'in, sannan ƙarar buɗe ƙofa.

Daga tantina zuwa ruwa taku goma sha biyu ne.