Jana'izar Ƙashin Samudawa

"Ku sauke akwatin ko mu sauke kawunanku!"

Nagoda ne, shugaban 'yan fashin, ya faɗo daga bayan kuka da adda tsirara. Rana tsaka, a hanyar da ta bi bayan Tudun Wada zuwa tashar jirgin ƙasa. 'Yan dako suka watse. Ɗayansu, Mahmudu, ya tsaya gardama — fau! Adda ta sauka a hannunsa. Yaran Nagoda, Ɗantsoho da Kailani, suka ɗora akwatin a kan jaki, suka shige gonakin dawa.

Kailani ne ya kawo labarin tun farko. Wani Bature ya cinye rani yana haƙa a duwatsun ƙasar Sakkwato, ya dawo da akwatuna masu karya wuya. Me Nasara zai haƙa in ba zinariya ba?

A gidan Ɗantsoho suka ɓalle murfin. Auduga. Ƙarƙashinta farar ƙasa. Ƙarƙashinta kuma — ƙashin cinya, tsawon mutum, ya zama dutse!

"Innalillahi!" Ɗantsoho ya ja da baya. "Ƙashin Samudawa ne! Kabarin ƙattin farko ya tone!"

"To, wa zai saya?" in ji Nagoda.

"Saye? Maigida, ka ajiye wannan mai shi ya biyo sawu, taku ɗaya zai yi maka! Sai an yi masa sutura an mayar da shi ƙasa."

Mutumin da ya sari bawan Allah bai ƙifta ido ba, ga shi yau ƙashi ya tsorata shi. Suka nemo likkafani, suka aro makara.

A barikin 'yan doka kuwa Bature na ta kumfar baki, tafinta na bin sa.

"Ya ce wurin da ya haƙa, a da can bakin teku ne. Laka ta kwanta kan yashi, yashi kan laka, hawa-hawa, har suka daskare da dabbar a ciki. Wai ƙadangare ne, ya fi giwa."

"Ƙadangare," in ji Saje Muntaka. "To, Allah ya ba shi lafiya."

Abin da gwanayen namu suka manta shi ne, makara ba ta wucewa a Tudun Wada ba a bi ta ba. Maɗinka suka ajiye allura. Mahauta suka wanke hannu. Kowa na son sa kafaɗa ya sami lada, wanda ya sa kuma sai ya yi nishi.

"Malam, wa ya rasu?"

"Baƙo ne," in ji Nagoda, gumi na tsiyaya.

"Kai, baƙon nan ya ci tuwo!"

Ɓaras! Makara ta karye. Likkafani ya yage. Ƙashi ya gangara tsakiyar hanya, jama'a suka sa salati.

Nagoda ya waiga neman Kailani. Can ya hango shi — tsakanin 'yan doka, yatsa a miƙe.

"Ga su nan, Saje! Ni dama tilasta mini suka yi!"

Ɗantsoho ya tsallake katanga ya karya ƙugu. Nagoda ko gudu bai yi ba, masu neman lada sun riga sun danne shi. Aka ɗaure shi shekara goma sha huɗu, a gidan yarin ya mutu.

A ranar kuwa, Bature ya durƙusa a kan ƙashinsa, ya ga ya tsage, har da ƙwalla. A bayansa Mahmudu na tsaye da dungulmi naɗe a tsumma. Aka sa tafinta ya tambaye shi, ko zai iya ɗaukar akwati da hannu ɗaya.