Farin da Baba Ya Ce a Saƙa

"Ki yanke?! Suwaiba, wata huɗu fa kina kan aikin nan!"

Imrana ne tsaye a tsakar gidan su Suwaiba a unguwar Turaki, yana nuna masaƙarta. Shi ne zai aure ta, shi ne kuma ya yi ta zarya har aka ba ta gurbi a baje kolin da za a yi a Jos ƙarshen 1994. Saƙar ratayawa a bango take yi, irin wadda masu digiri ke gyaɗa wa kai, maƙwabta kuma su tambaya ko bargo ne ya ƙi.

"Hamma," ta ce, yadda ta saba kiransa, "masaƙa ɗaya gare ni. Aikin da ba a gama ba kuwa ba ya sauka sai da almakashi."

"To Baba ya jira sati uku mana, sanyin idona..."

"Likkafaninsa ya ce in saƙa. Shiga ka ce masa ya jira."

Bai shiga ba. Jarumtar masoya takan tsaya a bakin ƙofar suruki.

Mahaifinta, Malam Hammanjoda, ya dawo daga asibiti a Yola da takardun da ba wanda ya yarda ya karanta a fili. Magana ɗaya ya yi: uwarsa ce ta saƙa wa ubansa nasa, shi ma ba za a naɗe shi a yadin kasuwa ba.

Ta yanke. Jos ta wuce ta. Imrana ya ɗauke ƙafa, wai yana fushi a madadin fasaha.

Ta auna Baba, ta ɗora farin zare. Amma hannun da ke saƙa kamu guda kafin azahar yanzu sai ya wuni a faɗin yatsa uku.

"Suwaiba," Baba ya kira daga kan tabarma, "hannun ne ke ciwo?"

"Zaren ke tsinkewa, Baba."

"Ina jin ƙarar masaƙar nan tun kina goye. Ba abin da ya tsinke. Kina tsammanin in ba ki gama ba za a ɗaga mini ranar?"

"Baba, don Allah..."

"Ajali ba ya tambayar masaƙiya, 'yar nan. Yi sauri."

Ta ce to. Ba ta yi saurin ba.

Ranar Alhamis da hantsi Baba ya cika, saƙar saura kamu biyu.

Imrana ya shigo da gudu, riƙe da ƙullin farin yadin alawayyo daga kasuwa.

"Suwaiba... na kawo..."

"Na hana shi, Hamma! Abu ɗaya ya roƙe ni!"

Baffa Manga, ƙanen marigayin, ya leƙo daga ɗakin wanka.

"Sauko da abin da ke kan masaƙar."

"Baffa, bai kai awon ba..."

"Sauko da shi na ce."

Almakashin ya suɓuce mata ya faɗi. Imrana ya ɗauka ya miƙa mata, ya riƙe mata zaren har ta yanke.

Ba a daɗe ba Baffa ya fito yana share ido.

"Ya zagaye shi, har da saura."

"Ta yaya, Baffa?"

"Mutumin wata biyu da suka wuce kika auna. Ciwon ya saƙa miki sauran."

Suwaiba ta durƙushe gaban masaƙar da ba komai a kanta. Imrana ya tsuguna nesa kaɗan, yadda ya dace a gidan makoki.

"Ba zan ƙara ɗauke ƙafa ba," ya ce a hankali.

Ba ta ɗago ba. A zaure an fara kiran maza su fito.