Sallama da Muryar Yayansu

Auta ta fara ganinsa ne ranar da ta kai rigunan fim da ta ɗinka. Darakta take nema, ta tura wata ƙofa bisa kuskure, ta faɗa wani ɗaki da aka manne bangonsa da soso. Wani saurayi na zaune ya ba ƙofa baya, kuma daga lasifikar da ke gabansa muryar yayanta ce ke cewa, “Ku matso kusa. Ruwan ya fara janyewa.”

A lokacin yayan nata ya kusa shekara a kabari.

Rigunan suka zube daga hannunta. Saurayin ya kashe na’urar da sauri, ya miƙe yana kallonta.

“Ke ce ƙanwarsa. Ki yi haƙuri, da na sa makulli.”

“Kunna,” in ji ta.

Ni na haife su, ita da yayan nata. Wani abin na gani da idona, wani ita ta ba ni labari daga baya.

Yayansu yana da wani wasa da yake yi da abokansa a kan teburin falonmu. Yakan shimfiɗa taswira da ya zana a kwali, kowa ya ɗauki mutum ɗaya, wannan maharbi, wancan matsafi. Shi ke ba da labarin wani gari da ke ƙarƙashin tafki, inda mutane ba su da inuwa. In ya kai su wani wuri sai ya tsaya ya ce, “Me za ku yi?” Su faɗa, a jefa ɗan lido, abin da ya fito shi ne ya faru. Sukan ɗauki muryarsa a waya. Ciwo ya ɗauke shi saura zama ɗaya labarin ya ƙare. Abokansa ne suka kai wa masu fim labarin da muryar da suka ɗauka, aka ce muryarsa ce za ta riƙa ba da labarin a ciki. Aikin saurayin nan shi ne ya tace ta daga ƙarar fanka da dariya da kukan kofuna.

Auta ta sa masa suna Kunne, saboda abin sauraron da ba ya rabuwa da wuyansa. Shi kuma yana ce mata Telata. Ta riƙa ƙirƙiro dalilin zuwa wurin, yau maɓalli ya cire, gobe gwiwar wando ta yage. Na ga saƙonninsu, ita ta nuna mini.

“Telata, rigata ba ta yage ba, amma zan iya yaga ta in hakan zai kawo ki.”

“Yaga ka gani, Kunne. Da baƙin zare zan ɗinke maka farar riga, kowa ya san kai maƙaryaci ne.”

“Na yarda. In dai hannunki ne.”

Da maganar aurensu ta yi ƙarfi, babansu ya ce ya zo a gan shi. Da rana tsaka ne, ina wanke-wanke, babansu na falo. Sai aka yi gyaran murya sau biyu a bakin ƙofa, aka yi sallama ana jan ƙarshenta. Mutum ɗaya ne a duniya yake sallama haka. Kwano ya suɓuce mini. Babansu ya amsa yana cewa, “Shigo mana, ina ka tsaya tun…” sai ga Kunne ya shigo.

Yaron bai san abin da ya yi ba. Wata da watanni muryar na zuba a kunnensa, ta zauna a harshensa. Ya durƙusa yana gaisuwa, babansu na kallon bango. Da ya tafi babansu ya ce mini, “Ba zan ba shi ba. Ba zan iya binne ɗana duk lokacin da suruki ya zo gaishe ni ba.”

Auta ta yi kuka, ta ce ba laifinsa ba ne. Babansu ya ce shi ma bai ce laifinsa ba ne.

Akwai wanda ya fito a maharbi a fim ɗin, dogo mai son madubi, shi ma yana son ta. Tana gwada masa riga ya ce, “Ke fa ba shi kike so ba. In yana magana rufe idonki ki ji wa kike so.”

Ta soka masa allura a kafaɗa ta ce kuskure ne. Amma ta gwada. Kunne na ba ta labarin wani abu, ta rufe ido, sai ta ji yayanta ne zaune kusa da ita, har yadda yake jan numfashi kafin dariya. A nan ta tuna cewa farkon haɗuwarsu Kunne yana da ’yar in’ina, kuma ba ta san ranar da ta ɓace ba. Ta tashi ta bar wurin. Ta daina ɗaukar wayarsa, sai ta aika masa saƙo.

“Ka yi mini magana da muryarka. Na manta yadda take.”

Ya amsa, “Ni ma na fara mantawa, Telata. Jiya na kira mahaifiyata, ta ce wa ke magana.”

Ana cikin haka darakta ya kira shi. Ya ce fim ba shi da ƙarshe, tunda mai labarin bai kai ba. An rubuta ƙarshe, Kunne ya karanta da muryar marigayin, ba wanda zai gane. Ya ce za a sa sunan Kunne da manyan baƙaƙe.

Kunne ya ce ba zai yi ba. Ya ce a wasan ba marigayin ke yanke ƙarshe ba, tambaya yake yi ya jira. Suka yi ta jayayya, abokan marigayin suka goyi bayan Kunne. Ya miƙa aikin, ya cire abin kunnen ya rataye a ƙusa, ya tafi gidan kakarsa inda ba wanda ya taɓa jin ɗana.

Ranar da aka nuna wa iyalai fim ɗin, babansu ya ce ba zai je ba, sai ga shi ya riga mu sa takalmi. Muka ga garin, da mutanen da ba su da inuwa, sanye da rigunan Auta. Ɗana na magana a kanmu daga ko’ina cikin ɗakin. A ƙarshe maharbin da abokansa suka iso wata ƙofa ta dutse, ruwa na ɗiga daga samanta. Muryar ta ce, “Akwai wani a bayanta, yana jin ku. Me za ku yi?” Aka ji ɗan lido na gangarawa a kan teburina. Allon ya yi baƙi. Ba wanda ya motsa har aka kunna fitila.

A waje babansu ya hango Kunne ya raɓe jikin bango. Ya yafito shi.

“An ce kai ka hana a ƙarasa.”

“B-baba, ba… ba ni da i-ikon sa masa magana a b-baki.”

Babansu ya dube shi ya daɗe. Auta ta riƙe hannuna har ya yi mini zafi.

“Haka kake magana dama?”

“Haka n-nake, Baba.”

“To Allah ya bar maka ita. Ka turo manyanka.”

Aka ɗaura aure ba da jimawa ba. Auta ce ta ɗinka rigar angonta, tana yi tana tsokanarsa wai sai ya faɗi sunanta a numfashi ɗaya kafin ta ba shi. Babansu ya sa musu albarka, ya yi addu’a mai tsawo, muryarsa ta karye a wurin da ya ambaci wanda ba ya nan.

Akwai ranakun da nake so in ce wa surukina ya koma bakin ƙofa ya yi mini sallamar nan sau ɗaya. Na san zai yi in na roƙe shi, shi ya sa ban roƙa ba. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri’a ta gari. Ɗana kuma Allah ya haskaka masa makwancinsa.